Nina Simone: Ta nemi digiri a fiyano, duniya ta mayar da ita mawaƙiya

A shekarun ƙarshe na rayuwarta, Nina Simone ba ta yarda a kira sunanta a tsirara. Masu shirya taro da 'yan jarida da makaɗan da ke mata rakiya duk sun san ƙa'idar, sai an sa Dakta a gaba. Wasu sun ɗauki hakan girman kai ne irin na taurari, wasu kuma suka jingina shi ga rashin lafiyar da ta daɗe tana fama da ita. Amma duk wanda ya bi tarihinta daga tushe zai ga cewa muƙamin ya tsiro ne daga wani tsohon miki. Matar da ake lissafawa cikin manyan mawaƙan ƙarni na 20 ba ta taso da burin yin waƙa ba. Abin da ta sa a gaba tun tana ƙarama shi ne ta yi karatun fiyano har iyakarsa, ta zama baƙar mace ta farko da za ta zauna a manyan zaurukan Amurka tana kaɗa ayyukan Bach da Beethoven.

An haife ta ranar 21 ga Fabrairu, 1933 a Tryon, wani ɗan ƙaramin gari a gindin tsaunuka a jihar Karolina ta Arewa. Sunan da iyayenta suka raɗa mata Eunice Kathleen Waymon, kuma ita ce ta shida cikin 'ya'ya takwas. Mahaifinta, John Divine Waymon, ya yi aski, ya yi wanki da guga, ya taɓa sana'o'i iri-iri, har karayar tattalin arzikin shekarun 1930 da rashin lafiya suka durƙusar da shi. Mahaifiyarta, Mary Kate, mai wa'azi ce a cocin Methodist, kuma tana aikatau a gidajen Turawa don a samu na sawa a baka. Tun ba ta wuce shekara uku zuwa huɗu ba Eunice ta fara taɓa maɓallan kiɗa, tana maido da duk abin da kunnenta ya ji. Ba a daɗe ba ta zama mai kaɗa wa mahaifiyarta a coci. A nan ta koyi abin da ba a koyarwa a aji: yadda ake karanta zuciyar taro, yadda ake ɗaga shi, da lokacin da ya kamata a saukar da shi.

Wata Baturiya da mahaifiyar ke yi wa aiki ce ta ji kiɗan yarinyar, ta ɗauki nauyin karatunta na shekara guda wajen Muriel Mazzanovich, 'yar Ingila da ke zaune a Tryon tare da mijinta mai zane. Duk Asabar Eunice takan taka da ƙafa, ta ƙetare layin dogon da ya raba unguwar baƙaƙe da ta Turawa, ta je darasi. Malamar ta ɗora ta a kan Bach, kuma ba ta sassauta mata ba.

Ya kamata a ɗan tsaya a nan, domin abin da ya biyo baya ba zai fahimtu ba sai an san irin kiɗan da ake magana. Kiɗan da Turawa ke kira kilasik rubutacce ne. Kowane sauti yana da alamarsa a takarda, da tsawonsa, da ƙarfinsa, kuma aikin makaɗi shi ne ya haddace shi, ya fito da shi kamar yadda mai shi ya tsara, sa'an nan ya sa masa rai. Bach, Bajamushen da ya rasu a 1750, ya shahara da wani salo inda hannun dama zai ɗauko zubin kiɗa, hannun hagu ya biyo shi da zubin nan a baya, wani lokaci a ƙara na uku da na huɗu, kowanne yana tafiyarsa ba tare da sun yi karo ba. Yarinyar da ta saba da kiɗan coci mai tafiya da zuciya sai ta tarar da wani kiɗa mai tafiya da lissafi, kuma ta kamu da sonsa. Har ta mutu tana cewa Bach ne ya sa ta sadaukar da rayuwarta ga kiɗa.

Da shekarar ta ƙare, malamar ta buɗe asusu da sunan yarinyar, mutanen gari baƙaƙe da farare suka riƙa jefa abin da ya sawwaƙa. Ladan da ake nema daga gare ta shi ne ta riƙa kaɗa wa jama'a lokaci-lokaci, su ga inda kuɗinsu ke tafiya. A ɗaya daga cikin irin waɗannan tarukan, a ɗakin karatu na garin, aka tashi iyayenta daga layin gaba don a zaunar da Turawa. Yarinyar da ba ta kai shekara 13 ba ta ƙi taɓa fiyano sai da aka maido su mazauninsu. An maido su, wasu a cikin taron suna dariya. Iyayen sun ji kunya, ita kuwa ta riƙe abin.

Asusun ne ya kai ta makarantar kwana ta 'yan mata ta Allen da ke Asheville, inda ta kammala a 1950 a matsayin ɗalibar da ta fi kowa. Daga nan ta wuce New York, ta shiga makarantar kiɗa ta Juilliard na ɗan lokaci a hannun Carl Friedberg. Wannan malami a ƙuruciyarsa ɗalibin Clara Schumann ne a Jamus, wato silsilar karatun 'yar mai aikatau daga Tryon ta haɗe kai tsaye da ɗaya daga cikin manyan makaɗan fiyano na ƙarni na 19. Sai dai Juilliard akwai tsada, asusun kuma yana da ƙarshe. Dabarar da aka tsara ita ce Friedberg ya shirya ta don jarrabawar shiga Cibiyar Kiɗa ta Curtis da ke Filadelfiya. An kafa Curtis a 1924, kuma tun 1928 ba ta karɓar kuɗin makaranta daga duk wanda ta ɗauka. Ga ɗan talaka mai baiwa, babu wata ƙofa kamarta. Iyalin Waymon sun sakankance har suka tattara komatsansu suka koma Filadelfiya tun kafin a yi jarrabawar.

A 1951 ta zauna gaban alƙalan Curtis ta kaɗa. Ba a ɗauke ta ba.

Da farko ta karɓi hukuncin a kan cewa ita ce ba ta kai ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai, domin tun tana 'yar shekara shida ake gaya mata cewa babu kamarta. Daga baya magana ta zo mata ta bakin 'yan uwa cewa launin fatarta ne ya hana. Ta kama wannan bayani, ba ta sake shi ba har kabari. Vladimir Sokoloff, malamin fiyano a Curtis wanda ya ci gaba da koyar da ita a gefe tana biyansa, ya musanta hakan bayan shekaru, yana mai cewa an samu waɗanda suka fi ta ne kawai a wannan zagaye. Akwai abin da ke ƙarfafa maganarsa. George Walker, baƙar fata, ya kammala Curtis a 1945 a hannun Rudolf Serkin, kuma a lokacin da Eunice ta yi jarrabawa akwai wata baƙar yarinya, Blanche Burton, cikin ɗaliban fiyano na makarantar, wadda ta kammala a 1954. Guraben kuma 'yan kaɗan ne, masu nema da yawa.

Amma labarin Walker ɗin kansa ya nuna cewa zargin nata bai taso daga iska ba. A shekarar da ya kammala ya kaɗa tare da babbar ƙungiyar makaɗan Filadelfiya, masu sharhi suka yaba, duk da haka masu shirya taruka suka yi ta ja da baya wajen gayyatar baƙin makaɗi. Sai ya koma makaranta. A farkon shekarun 1950 ne jami'o'in Amurka suka ƙirƙiro digirin dakta na musamman ga masu kaɗawa, wanda Howard Hanson na makarantar Eastman ya yi wa fafutika. Kafin nan digirin digirgir a fannin kiɗa na masu bincike da rubutu ne. Sabon digirin ya ba makaɗi damar a auna shi da abin da yatsunsa ke yi: jerin taruka da zai kaɗa manyan ayyuka da ka, jarrabawa a tarihin kiɗa da ƙa'idojinsa, da kundin nazari. Walker ya samu wannan digiri a 1956, baƙar fata na farko da Eastman ta ba, ya shafe rayuwarsa yana koyarwa a jami'o'i da tsara kiɗa, har ya ci kyautar Pulitzer a 1996. Wannan ce hanyar da ke gaban Eunice Waymon da ƙofar Curtis ta buɗe. Mai yiwuwa da ta zama farfesa mai daraja wadda ɗalibanta kaɗai suka sani.

Abin da ya faru maimakon haka shi ne neman abinci. Ta yi aiki a shagon mai ɗaukar hoto, ta yi wa masu koyon waƙa rakiya da fiyano, ta koyar da yara a gida. A 1954 ta ji cewa mashayun Atlantic City, garin shaƙatawa na bakin teku, suna biyan abin da ya fi haka. Ta samu gurbi a wata mashaya mai suna Midtown a kan dala 90 a mako, daga dare har kusan asuba. Ta je da doguwar riga irin ta babban zaure, ta zauna ta yi ta kaɗawa. Bayan daren farko mai mashayar ya shaida mata cewa in ba za ta haɗa da waƙa ba, ta nemi wani aikin. Haka aka fara jin muryar da ba ta taɓa ɗaukarta a bakin komai ba, murya mai kauri da zurfi, wadda wani lokaci mai sauraro kan rasa ta mace ce ko ta namiji.

Tsoron kada mahaifiyarta mai wa'azi ta ji cewa 'yarta na kiɗa a gidan giya ne ya sa ta sauya suna. Nina laƙabi ne da wani saurayinta ke kiranta da shi, daga kalmar Sifaniyanci mai nufin yarinya. Simone kuwa ta aro shi daga 'yar fim ɗin Faransa Simone Signoret. Kuɗin da take samu tana kai wa Sokoloff ne don ci gaba da darasi, domin a ganinta wannan duk na wucin gadi ne.

A ƙarshen 1957 ta naɗi kundinta na farko, Little Girl Blue, a kamfanin Bethlehem. Duk mai son sanin abin da Curtis ta bari ya wuce, ya saurari waƙar Love Me or Leave Me a wannan kundi. Waƙar soyayya ce ta kasuwa, amma a tsakiyarta muryar takan yi shiru, hannayen biyu su shiga bin juna a salon Bach tsantsa, sa'an nan su dawo kamar ba abin da ya faru. Ba ado ba ne aka liƙa, haka take tunani a kan fiyano. Waƙar I Loves You, Porgy daga wasan Gershwin ta shiga cikin 20 na sama a Amurka a 1959. Da yake ba ta ɗauki harkar da muhimmanci ba, ta sayar da haƙƙinta na kundin a kan dala 3,000. Wannan sakaci ya ci mata dukiya mai yawa daga baya, ya kuma dasa mata ƙiyayyar kamfanonin faifai.

A Disamba 1961 ta auri Andrew Stroud, ɗan sandan ciki na New York, wanda ya ajiye aikinsa ya zama manajanta. A wannan watan ne kuma ta fara taka ƙasar Afirka, lokacin da ta zo Legas cikin tawagar baƙaƙen Amurka masu fasaha, tare da marubuci Langston Hughes da makaɗi Randy Weston, Najeriya tana da shekara guda da 'yanci. Ziyarar ta zauna mata a rai. Sun haifi 'ya, Lisa, a 1962. Stroud ya iya kasuwanci, ya gina mata suna da dukiya, amma yana dukanta, yana kuma tura ta aiki ba hutu.

A Afrilu 1963 ta hau dandalin Carnegie Hall ita kaɗai, zauren da aka yi mata alkawari tun a Tryon. Saƙon da ta aika wa iyayenta ya nuna cewa murnar ba ta cika ba: ta iso inda suke so, amma ba Bach take kaɗawa ba.

Shekarar ce ta juya ta. A watan Yuni aka harbe Medgar Evers, jagoran masu neman 'yancin baƙaƙe a Mississippi, a ƙofar gidansa. Ranar 15 ga Satumba aka tayar da bam a wani cocin baƙaƙe a Birmingham ta jihar Alabama, 'yan mata huɗu suka mutu. Ta ba da labarin cewa da ta ji, sai ta shiga neman kayan da za ta harhaɗa bindiga, mijinta ya tunatar da ita cewa ba ta san kisa ba, kiɗa ta sani. Cikin ƙasa da sa'a guda ta tsara Mississippi Goddam. Ta ɗora kalaman fushi a kan kiɗa mai tsalle-tsalle irin na wasan barkwanci, ta naɗe ta a Carnegie Hall a 1964 gaban taron da mafi yawansa Turawa ne. A faifan ana jin suna dariya da farko, sannan dariyar ta ɗauke. Gidajen rediyo a kudancin Amurka sun ƙi sa ta, wasu suka mayar da faifan a karye.

Ƙawarta Lorraine Hansberry, marubuciyar wasan kwaikwayo, ita ce ta buɗe mata ido a siyasa. Da Hansberry ta rasu a 1965 tana da shekara 34, Nina ta ɗauko wata jimla tata, suka gina waƙar To Be Young, Gifted and Black tare da Weldon Irvine, wadda ta fito a 1969 ta zama kamar taken matasan baƙaƙe. Ta yi waƙa ga masu tattakin Selma zuwa Montgomery a 1965. Ba ta ɓoye cewa ra'ayinta ya fi karkata ga Malcolm X fiye da tafarkin lumana na Martin Luther King ba, amma kwana uku bayan kashe King a Afrilu 1968 ta tsaya gaban jama'a ta rera marsiyyar da makaɗinta Gene Taylor ya tsara masa.

Ko a tsakiyar wannan gwagwarmaya, tarbiyyar malama Mazzanovich ba ta bar ta ba. Takan zauna a kan fiyano da miƙaƙƙen baya, tana buƙatar shiru irin na babban zaure ko da a gidan rawa ne. In wani ya yi surutu sai ta ɗage hannu ta zuba masa ido har ya yi tsit. Ta tsani a kira ta mawaƙiyar jaz, tana ganin kalmar wani akurki ne da Turawa ke tura duk baƙin makaɗi a ciki. Ita ta fi son a ce kiɗan kilasik na baƙar fata take yi. A wannan tana da gaskiya fiye da yadda masu sukarta suka yarda.

A 1970 ta bar Amurka da mijin gaba ɗaya, ta nufi Barbados. Daga nan rayuwar ta zama yawo. Hukumar haraji ta Amurka ta bi ta da bashi, kamfanoni suka ja baya. A 1974 Miriam Makeba ta ja ta zuwa Laberiya, inda ta yi kusan shekara biyu ba ta aiki, kuma ta sha faɗin cewa a nan ta fi jin daɗin duniya. Ba haka abin yake ga 'yarta ba. Lisa ta bayyana daga baya cewa dukan da uwar ta sha a hannun miji, ita ta riƙa saukewa a kanta, har ta gudu ta koma wajen mahaifinta. Daga Laberiya sai Suwizalan, sai Faris, inda ta yi waƙa a ƙananan wurare don kuɗi kaɗan, sai Holan. A bikin Montreux na 1976, wanda aka ɗauka a fim, ana ganin komai a fili: yatsun da ba su manta komai ba, da matar da ke tsayar da waƙa don ta umarci wata a cikin taro ta zauna. Sai a ƙarshen shekarun 1980 likitoci suka gano tana da ciwon da ke jefa mutum tsakanin matsanancin zumuɗi da matsananciyar damuwa, abokai suka tsaya mata a kan shan magani.

A shekarun 1970 ɗin nan ne Kwalejin Malcolm X ta Chicago da wata babbar makaranta a garin Amherst na jihar Massachusetts suka ba ta digirin girmamawa. Yawancin waɗanda ake ba irin wannan digiri sukan rataye shi a bango su manta. Ita ta sa shi a gaban sunanta, ta kuma tilasta wa kowa ya furta.

Sa'a ta dawo ta wata hanya da ba a zata ba. A 1987 kamfanin turare na Chanel ya yi talla da My Baby Just Cares for Me, wata waƙa daga kundin nan da ta sayar a kan dala 3,000 shekara 30 da suka wuce. Waƙar ta hau har matsayi na biyar a Birtaniya, sabon zamani ya san ta, manyan zaurukan Turai suka sake buɗe mata. Ta fitar da tarihin rayuwarta a farkon shekarun 1990, ta zauna a kudancin Faransa daga 1993. Fushin bai kwanta duka ba. A 1995 ta harbi ɗan maƙwabta da ƙaramar bindiga saboda hayaniya, ta ji masa rauni a ƙafa, kotu ta yi mata ɗaurin wata takwas na jeka-ka-gyara-halinka.

Sankarar mama ce ta kwantar da ita a gidanta da ke Carry-le-Rouet, a bakin Bahar Rum kusa da Marseille. Tana kan gadon jinya saƙo ya iso cewa Cibiyar Curtis ta yanke shawarar ba ta takardar girmamawa, shekara 52 bayan jarrabawar. Kwana biyu bayan haka, ranar 21 ga Afrilu, 2003, ta rasu tana da shekara 70. Miriam Makeba na cikin waɗanda suka halarci jana'izar. An ƙone gawarta, aka watsa tokar a ƙasashen Afirka da dama. A 2017 wasu baƙaƙen masu zane huɗu suka haɗa kuɗi suka sayi ɗan gidan katako mai ɗaki uku da aka haife ta a cikinsa a Tryon, don kada a rushe shi.